Ruwan da ya ƙi hawa bene: nazarin wani layin bututai da kwamfuta

Koken ɗaya ne, kuma kullum lokaci ɗaya yake zuwa. Daga ƙarfe shida zuwa takwas na safe, mazauna hawa na uku a gine-ginen da ke can ƙarshen rukunin gidajen sai su murɗa famfo su ji iska kawai tana huci. Na ƙasa suna samun ruwa, amma siriri kamar zare. Da hantsi ya ɗan dawo, tsakar dare kuwa ya zo da ƙarfinsa har yana fantsama a jiki. An kusa shekara biyu ana haka. Lokacin da aka kira ni, shugaban kula da gidajen ya riga ya yanke shawara: za a sayi injin tura ruwa a kafa a bakin gine-ginen. Abin da yake so daga gare ni shi ne in faɗa masa girman injin da zai isa, shi ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu in fara sanin inda ƙarfin ruwan yake salwanta." Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, don shi ake wa sallama kullum da safe. Amma ya yarda.

Ga yadda wurin yake. Akwai tanki a kan hasumiya, saman ruwansa yana mita 25 daga ƙasan da muka ɗauka a matsayin ma'auni. Daga tankin babban bututu mai faɗin milimita 150 ya yi tafiyar mita 300 zuwa wata mahaɗa, a nan ya rabu biyu. Reshen gabas tsohon bututun ƙarfe ne, milimita 100, tsawonsa mita 600. Reshen yamma na roba ne, an shimfiɗa shi daga baya, tsawonsa mita 500. Su biyun sun sake haɗuwa a gine-ginen ƙarshe, suka yi zobe. Da ƙananan rassa duka, bututai 22 ne da mahaɗai 19. Gine-ginen da ake kuka da su suna kan ɗan tudu mai mita 8, famfon hawa na uku kuma yana mita 9 daga ƙasan ginin. Masu wannan aiki da mita suke auna matsin ruwa, wato tsayin da ruwan zai iya haurawa in aka tsayar masa da bututu a miƙe. Mita 10 na ruwa kusan daidai yake da "bar" 1 a agogon auna matsi. To in ba wanda ya buɗe famfo, matsi a gindin gine-ginen mita 17 ne, 25 a cire 8. Hawa na uku ya ci 9, saura 8. Ashe tankin bai gaza tsayi ba. Wani abu ne ke cinye waɗannan mitoci takwas da zarar ruwa ya fara tafiya.

Da bututu ɗaya ne, da takarda da biro sun isa. Ruwa in yana gudu a bututu yana gogayya da bangonsa, wannan gogayyar ce ke rage masa ƙarfi, kuma an daɗe da sanin lissafinta. Akwai ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Henry Darcy, injiniyan Faransa da ya kai wa garin Dijon ruwan famfo, da Julius Weisbach na Jamus wanda ya fitar da ita a 1845. Akwai kuma ta Hazen da Williams, Amurkawa biyu na farkon ƙarni na 20, wadda masu aikin ruwan sha suka fi riƙo da ita saboda sauƙinta. Ita na ɗauka, tun da ruwan sanyi ne a bututai masu matsakaicin faɗi, irin yanayin da aka yi ta dominsa. A cikinta kowane bututu yana da lambar santsi da ake kira C: sabuwar roba 140 zuwa 150, tsohon ƙarfe mai tsatsa 100 ko ƙasa da haka. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne asarar ƙarfi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ruwa. In ka ninka ruwan da ke bi ta bututu sau biyu, asarar ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau 3.6 ne, domin ana ɗaga yawan ruwan ne zuwa ƙarfin 1.852. Wannan lamba ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

Wahalar tana zuwa ne da zobe. Ruwa ya iso mahaɗa, hanya biyu a gabansa, nawa zai bi gabas, nawa yamma? Ba wanda ya rubuta masa. Dokoki biyu ne suke hukunci. Ta farko, abin da ya shiga mahaɗa shi zai fita, ko ta bututai ko ta famfunan mutane. Ta biyu, in ka zagaya zobe ka dawo inda ka taso, jimlar asarar ƙarfi dole ta zama sifiri. Wato ruwan da ya bi gabas da wanda ya bi yamma dole su iso mahaɗarsu da ƙarfi ɗaya. Wanda ya karanci lantarki zai gane su, kusan dokokin Kirchhoff ne. Bambancin kawai shi ne wancan 1.852 ɗin, wanda ya hana a warware lissafin kai tsaye. Sai dai a yi kirdado, a gwada, a gyara, a sake gwadawa.

Hardy Cross, malamin injiniyan gine-gine a Jami'ar Illinois ta Amurka, shi ya tsara wannan kirdadon a 1936. Ka raba ruwan yadda ka ga dama muddin dokar mahaɗa ta cika, ka lissafa saɓanin da ya rage a kowane zobe, ka karkatar da ɗan ruwa daga ɓangaren da ya yi nauyi zuwa ɗayan, ka maimaita har saɓanin ya ƙare. An yi shekaru ana yin haka da hannu, kuma ina ganin duk wanda zai taɓa wannan aiki ya kamata ya yi shi da hannu ko sau ɗaya, don a nan ake jin yadda ruwa ke neman daidaito. Amma hanyar tana gyara zobe ɗaya-ɗaya ne, in zobba suka yi yawa sai ta riƙa jan ƙafa, wani lokaci ma ta ƙi zama. Manhajojin yau suna gyara dukkan layin ne a tashi ɗaya da hanyar Newton da Raphson. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda wasu masana biyu, Todini da Pilati, suka fitar a ƙarshen shekarun 1980, kuma shi ke cikin EPANET, manhajar kyauta da Lewis Rossman ya rubuta wa hukumar kare muhalli ta Amurka, ta fara fita a 1993.

Na rubuta tawa ƙaramar manhajar da Python, wani harshen rubuta manhaja, ba don EPANET ta gaza ba, sai don ina son in riƙa canza abu ɗaya in sake lissafi sau ɗari ba tare da danne-danne ba, kuma ina son in san kowane layi da ke cikinta. EPANET na ajiye ta a matsayin alƙali: duk amsar da tawa ta bayar sai na kai mata.

Kura-kurai uku na yi, kuma ina ganin sun cancanci a faɗe su. A gwajin farko allon ya cika da lambobi masu harafin j a wutsiya. Dalili kuwa, ruwa a wani bututu ya juya baya saɓanin yadda na zana kibiyarsa, yawansa ya zama lamba mai alamar ragi, ita kuwa Python in ka ɗaga irin wannan lamba zuwa ƙarfin 1.852 ba ta yi maka gardama, sai ta miƙo maka amsar da ba ta da ma'ana a bututu. Maganin shi ne a ware alamar gefe, a yi lissafin da girman lambar, a mayar da alamar. Na biyu, bututun da ruwa bai motsi a cikinsa yakan sa lissafin ya yi rabo da sifiri ya tsaya cik. Sai da na sa masa ɗan ƙaramin gudu na ƙarya, rufaffen bututu kuma na mai da shi bututu mai tsananin ƙunci maimakon in cire shi. Na uku shi ne mai haɗari, don bai yi wata ƙara ba. Zanen ya ce bututun roba milimita 110 ne, na shigar da 110. Wannan faɗin waje ne. Cikinsa, inda ruwa ke bi, kusan 100 ne. Ga shi faɗi a wannan ƙa'ida ana ɗaga shi zuwa ƙarfin 4.87, don haka kuskuren kashi 10 cikin ɗari a faɗi yana zama kusan kashi 60 a asarar ƙarfi. EPANET ba ta kama shi ba, tun da ita ma 110 ɗin na ba ta. Wani guntun bututu da na tsinta a ɗakin ajiya na auna da hannuna shi ya tona asirin.

Da komai ya daidaita, na sa buƙatar safiya kamar yadda aka ƙiyasta lokacin gini: lita 12 a sakan, 4 ga gidajen kusa da tanki, 8 ga gine-ginen ƙarshe. Manhajar ta ce babban bututu zai ci mita 1.1. Reshen yamma zai ɗauki lita 4.9, na gabas 3.1, kowannensu ya ci mita 2.2. Matsi a gindin gine-ginen zai zama mita 13.7, hawa na uku ya sami ragowar kusan mita 5. A takarda dai ba matsala ko kaɗan.

Mutane kuwa ba su da ruwa.

Na ari na'urori biyu masu auna matsi suna ajiye karatu kowane minti, na ɗaura ɗaya a mahaɗar da bututu ya rabu, ɗaya a gindin gine-ginen, na bar su kwana uku. Ta mahaɗar ta yarda da manhaja, bambancin bai kai rabin mita ba. Ta ƙarshe kuwa da ƙarfe bakwai na safe mita 6.5 ta nuna, ba 13.7 ba. Da ƙarfe uku na dare ta koma dab da 17.

Wannan karatun dare ya fi min na safe amfani. Ya nuna tsayin tudun da na shigar daidai ne, don in da kuskure a nan da ya bayyana dare da rana. Ya kuma kore zargin da kowa ke yi, na cewa akwai babban yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Yoyo ba ya barci. Hasali ma da dare ya fi zuba, saboda matsi ya fi yawa, shi ya sa masu farautar yoyo suke duba ruwan da ke fita daga tanki tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare. Da akwai ɓarakar da za ta iya cinye mita bakwai da safe, da ba ta bar matsi ya cika da dare ba. Mitar auna ruwa da ke bakin tankin ma ta goyi bayan haka, da dare da ƙyar take motsi. Abin da muke nema ke nan wani abu ne da ba ya cutarwa sai ruwa na gudu.

A nan ne na kusa yin abin da nake ganin shi ne babban zunubin wannan sana'a. Akwai abin da ake kira daidaita manhaja da zahiri, wato a riƙa murɗa lambobin santsi har amsar kwamfuta ta yi daidai da ta ma'auni. Aiki ne halal in an yi shi da hankali. Na rubuta 'yan layuka da za su yi min murɗin da kansu, cikin sakan kaɗan suka kawo amsa mai kyan gani, layin lissafi ya hau kan layin ma'auni kamar an zana su tare. Sai na duba lambobin da suka zaɓa. Bututun roba sun mai da santsinsa wajen 60, tsohon ƙarfe ƙasa da 50. Roba ba ta tsatsa. Bututun roba mai shekara goma ba zai taɓa yin kaushin da zai kai shi 60 ba. Da na miƙa wannan sakamako da ba wanda zai tuhume ni, don hoton ya yi kyau, kuma da an kammala cewa bututai sun tsufa, a kawo inji. Manhajar ba ƙarya ta yi ba. Tambayar banza na yi mata, ta ba ni amsar da ta dace da tambayar. Saɓanin mita bakwai ɗin nan shi ne abu mafi daraja da na samu a makon, ni kuma ina ƙoƙarin shafe shi.

Sai na juya tambayar. Maimakon in ce bututai sun lalace, na ce wataƙila zanen ne ba ya faɗin gaskiya. Na mayar da lambobin santsi inda hankali zai ɗauka, na sa manhajar ta rufe bututu ɗaya, ta lissafa safiya, ta gwada da karatun na'urori biyun, ta buɗe shi ta rufe na gaba, har 22 ɗin. Kafin nan sai da na gyara wani zato da ke cikinta. Lissafin gargajiya yana ɗauka cewa kowane gida zai sami ruwan da ya nema ko da matsi ya faɗi, abin da ba ya faruwa a duniya. Famfon da ba matsi ba ya zubar da komai. EPANET kanta sai a fitowarta ta 2.2, a 2020, ta zo da zaɓin sa buƙata ta bi matsi. Na ƙara wannan a tawa.

Amsar ta fito fili. Rufe kowane yanki na reshen yamma yana ba da kusan abin da na'ura ta gani. Dukkan ruwan gine-ginen ƙarshe ya koma bin tsohon ƙarfe shi kaɗai, lita 7 a sakan maimakon 3.1. Ninki biyu da 'yan kai ke nan a yawan ruwa, amma a asara ya zama ninki huɗu da rabi: mita 9.6 maimakon 2.2. A haɗa da kusan mita 1 na babban bututu, a cire daga 17, sai ga 6.5. Har wani abu da na yi watsi da shi a baya ya sami mazauni. Mitar tanki da safe lita 11 take nunawa ba 12 ba, na ɗauka ƙiyasin masu gini ne ya yi sama. Ashe litar nan ɗaya ita ce ruwan da hawa na uku ke nema ba ya samu.

Sai dai reshen yamma mita 500 ne, yankuna biyar, kuma manhajar ba ta iya bambance su da karatun da ke hannu. Ba ta kuma iya cewa bawul ne a rufe, wato abin da ake juyawa a buɗe ruwan bututu ko a rufe shi, ko toshewa ce, ko iska ce ta maƙale a wani tudu. Abin da ta iya shi ne gaya min inda zan kai na'ura in raba gardama: tsakiyar reshen. In toshewar tana gaba da nan, matsin wurin zai bi na mahaɗa, ya tsaya sama. In tana baya, wurin ya zama wutsiyar gine-ginen ƙarshe, ruwa na zuwar masa ta baya, zai faɗi tare da su. Na cire na'urar mahaɗa na kai ta can. Washegari da ƙarfe bakwai ta faɗi tare da gine-ginen. Mita 500 ta koma 250.

Sauran aikin ba na kwamfuta ba ne. Akwai wani dattijo mai aikin famfo da ya fi kowa daɗewa a wurin. Na shimfiɗa masa zanen a kan benci, na ɗora yatsa a yankin, na ce, "Baba, ko an taɓa yin wani aiki a nan?" Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Injiniya, ai zanen nan bai nuna ba, amma akwai bawul a bakin titi. Shekarar da bututu ya fashe a mashigar motoci mun rufe shi muka yi gyara." Wa ya buɗe bayan gyaran? Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai an tura shi wani aiki kafin a gama. Daga baya aka sake zuba wa titin kwalta, murfin ramin ya shige ƙasa. Ba wanda ya lura, domin a zobe rufe bawul ba ya yanke wa kowa ruwa. Kowane gida yana ci gaba da samu ta ɗaya ɓangaren. A lokacin ma gine-ginen ƙarshe ba su cika da mutane ba, tsohon ƙarfen yana iya ɗaukar nauyinsu. Sai da suka cika ciwon ya fito, kuma a lokacin ba mai danganta shi da gyaran da aka manta.

Mun haƙa wuri biyu ba mu samu ba, a na uku bakin diga ya daki ƙarfe. Ramin cike da yashi, kan bawul ɗin ya yi tsatsa amma yana juyawa. Dattijon ya so ya buɗe shi gaba ɗaya don murna, na roƙe shi ya bi a hankali. Canza gudun ruwa farat ɗaya yana haifar da bugu a bututu. Tun 1898 wani masanin Rasha, Zhukovsky, ya nuna a Mosko cewa tsayar da ruwa mai gudun mita 1 a sakan a bututun ƙarfe na iya ɗaga matsi da mita 100 ko fiye, tsohon layi kuwa ba ya son irin wannan wasa. Ga kuma ruwan da ya fi shekara biyu kwance a ɓangarorin bawul ɗin. Muka buɗe mafitar wanke layi tukuna, ruwa ya fito ja yana wari, muka bar shi yana zuba har ya washe, sannan aka riƙa juya bawul ɗin kaɗan-kaɗan cikin kusan rabin sa'a.

A daren na gwada shawarar farko a manhaja, don shugaban ya cancanci ya san abin da kuɗinsa zai saya. Na bar bawul a rufe, na kafa injin tura ruwa a bakin gine-ginen. Injin zai kai ruwa hawa na uku, wannan gaskiya ne. Amma ba ya ƙirƙirar ruwa, zuƙo shi yake ta tsohon bututun nan. A lita 8 matsin bakinsa ya sauka zuwa mita 3.6, a lita 9 bai kai rabin mita ba. Gidajen da ke ƙarshen reshen gabas su za su gaji ƙishirwar. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mataki na gaba: da zarar matsi ya faɗi ƙasa da sifiri, bututu ya daina tura ruwa waje ta mahaɗansa masu rauni, ya koma tsotsar abin da ke kewaye da shi a ƙasa, ya kai wa mutane a famfo. Na buga masa wannan shafi na kai masa tare da hoton bawul ɗin.

Na mayar da na'ura gindin gine-ginen na ƙarin mako ɗaya. Da ƙarfe bakwai na safe ta nuna mita 13, manhaja kuwa 13.7 ta yi alkawari. Wannan karon ban taɓa lambar santsi ba, mitar tanki na je na duba. Lita 13 take nunawa a sakan. Mutanen da suka shekara biyu suna tara ruwa a bokiti da dare sun koma buɗe famfo da safe kamar kowa, buƙatar gine-ginen ta tashi daga 8 zuwa 9. Da na shigar da 9, manhajar ta ce 13.0. Na zana bawul ɗin da jan biro a kan zanen da ke ofis, na rubuta nisansa daga kusurwar ginin da ke kusa, dattijon kuma ya ɗaga bakin ramin da bulo biyu ya sa masa sabon murfi sama da kwalta.